Shaddar da Baba Ya Mayar

Wata la'asar gab da Sallah, ina zaune a shagon ɗinkin Baba a Kasuwar Gombe, wani Alhaji ya kawo farar shadda yana son aiki mai wuya. Har yau ina jin ƙamshinta. Ni tuni na hango sabon takalmina a jikinta.

Baba ya shafa ta, ya ninke.

"Alhaji, wannan ya fi hannuna. Kai wa Emeka a layin baya."

Na yi kukan da na rantse har unguwar Shamaki an ji.

"Baba, da ka gwada mana!"

"A kan kayan mutane?"

Yau ni ke kan kekensa. Tun safe nake farke wuyan riga ɗaya, bayana ya ƙage, don bakina ya kasa faɗin abin da Baba ya faɗa.