Motar Mijin Ƙanwa

Jiniya ce ta tsayar da Yaya a bakin gada, da buhu a kanta. Mota sabuwa dal, ga ƙanwarta a gaba ta wani hakimce, mijinta ɗan sandan ƙasar da ke tsallaken iyaka yana tuƙi.

Yaya kuwa ta daɗe tana yi wa yarinyar nan gori: "Mu ƙasarmu tana cikin ƙungiyar ƙasashe, ku 'yan bayan katanga ne." To ga shi ƙungiyar ta tsallake nata mijin, mai tsaron shingen kan iyaka da kekensa marar birki, ta danƙa wa 'yan bayan katanga mota, wai don a riƙa korar ɓarayin shanu tare.

"Yaya, shigo mu rage miki hanya," in ji ƙanwar.

"Ƙafata lafiyarta ƙalau."

"Haba dai! Tun daga nesa na hango ki kina ɗingishi."

Yaya ta leƙa. Babu wuri a gaba, sai baya, cikin ragar ƙarfe inda ake zuba waɗanda aka kamo. Ta shiga tana ƙunƙuni, wai don buhun ne kawai, kuma ita fentin ma bai yi mata ba.

Da suka iso shinge, ga mijinta tsaye. Sabuwar yarjejeniya ta ce a girmama motar maƙwabta, sai bawan Allah ya ƙame, ya sara wa mijin ƙanwar matarsa. Hannunsa na goshi ya hango uwargidansa tsuru a cikin raga. Matan kasuwa sun riga shi gani, wata har ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Allah, Yaya! Saniyar wa kika sata?"