Ruwan da Yaron Ya Sha

Ma'aikaciyar binciken lafiyar nan azzaluma ce, ko ta sani ko ba ta sani ba. Cusa wa mutane amsa take yi a baki.

Amai da gudawa na kashe yara a unguwar da take zaune, aka tura ta gida-gida ta gano ruwan da suke sha. Tun kafin ta fita ta gama zargin rijiya.

"Baiwar Allah, kafin ya kwanta ruwan rijiya ya sha, ko?"

Uwar da ta binne ɗa jiya ta dafe kai. "Wayyo, ina jin haka ne. E, ya sha."

A gidan da yara ke lafiya kuwa dariya aka yi mata. "Haba Malama, ni da ko miyar shekaranjiya ba na tunawa?"

"Ba su sha ba ke nan." Ta rubuta, ta wuce.

Aka toshe rijiyar da siminti. Kowa ya koma tankin bakin kasuwa, wanda ruwan kwata ke tsiyaya cikinsa ta ƙasa.

Damina ba ta ƙare ba ɗan ma'aikaciyar na fari ya rasu. Wata sabuwar ma'aikaciya ta zo ta'aziyya, ta tambaya a hankali, "Yaya, wane ruwa ya sha?"

Ta daɗe tana lalube a ranta. "Rijiya. Wallahi ina ganinsa da guga a hannu."

Rijiyar da aka toshe tun yana da lafiyarsa. Amma yadda ta faɗa, haka aka rubuta.

Tankin na nan a buɗe. Ta binne ɗa ɗaya, kuma kullum da hannunta take ɗebo wa ƙaninsa.