Karyar da Ta Hana Japarkul Sakat

Takalmi na uku ke nan da Japarkul ya wurga ta saman shinge a makon nan, kuma shi ma bai same ta ba. Tsohuwar karyar ta shinshina takalmin, ta koma ta zauna inda take.

"Burul! 'Yar iskar nan ta dawo!" ya ƙwala wa matarsa kira.

Burul ba ta ɗago daga kwaɓin fulawarta ba. "To je ka ɗauko takalminka, guda ɗaya ya rage maka."

Duk garin At-Bashi an san Japarkul, shugaban ƙungiyar masu kiwon taigan, karen farautar nan mai dogayen ƙafafu da aka gada tun kaka da kakanni. 'Yan ƙungiyar su tara ne, har da biyu da suka rasu ba a goge sunansu ba. Dokarsu ɗaya ce tak: kada jini ya gauraya.

Abin alfaharinsa shi ne Shamal, baƙin kare mai sheƙi. Takardar asalinsa, mai sunayen kakanni bakwai, tana rataye a ɗaki, sama da hoton auren Japarkul. Daga Talas ya sa aka aiko da shi yana ɗan kwikwiyo, shekara uku da suka wuce, lokacin da doki ya kayar da Japarkul yana kwance a asibiti. Burul ce ta je tasha ta karɓo kwandon. Tun daga nan Shamal ya cinye gasa uku, alƙalai suna shafa ƙirjinsa suna girgiza kai don sha'awa.

Maƙwabcinsa Satibaldi, mai kiwon tumaki, ba ya gajiya da tsokanarsa.

"Ku yi ta haɗa wa da ƙanwa, wata rana karnukanku da baya za su riƙa tafiya. Dubi nawa. Uwarsa ta makiyaya ce, ubansa Allah kaɗai Ya sani, amma ko tari bai taɓa yi ba. Na 'yan ƙungiyarka kuwa kullum suna wurin likita."

"Shamal ma bai taɓa tari ba," in ji Japarkul. "Jini ne, malam. Amanar kakanni ce. In kowa ya gauraya, nan da shekara goma taigan sai a hoto."

Ita kuwa karyar, gajera ce, launinta kamar shayin da ya kwana, kunnenta ɗaya a yage. Kullum bayan azahar sai ta iso bakin shinge. Shamal, wanda ya taɓa tsayar da kyarkeci, da ya hango ta sai ya kwanta rigingine yana kukan shagwaɓa. Ta zura baki ta cikin waya ta lashe masa kunnuwa. In ya cika rawar jiki ta ɗan gartsa masa cizo, ya nutsu.

"Zawarci!" in ji Japarkul. "Da tsufanta! Gobe a ga jikokin takardar nan suna tonon bola!"

Ya ƙara wa shinge tsawo, sai ta haƙa ta ƙasa. Ya barbaɗa barkono, shi ya yini yana atishawa. Ya lallaɓa ta da tsokar nama ya sa ta a mota, ya kai ta bayan tsauni ya sauke. A hanyar dawowa motar ta mutu. Da ya iso gida a ƙafa, harshe a waje, ya tarar da karyar a bakin shinge tana gwigwiyar ƙashin tunkiya, irin wanda ya gani da safe a tukunyar Burul.

Sai ga saƙo daga Bishkek, babban birnin ƙasar: ranar Asabar za a kawo wata taigan mai kakanni goma sha biyu don a haɗa ta da Shamal, kuma manyan ƙungiya na ƙasa za su rako ta. Japarkul ya hango su tsaye da dogayen hulunansu, ga wannan abar tana lasar kunnen ango. Abinci ya ƙi shiga bakinsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya sauko da bindigar farautarsa daga bango. Shi bai taɓa harbin kare ba, amma ya fita. Karyar na nan. Ta dube shi, ta yi hamma. Shamal ya fara haushi, kuma maigidansa yake yi wa.

Ya ɗaga bindiga ke nan, sai ga Burul ta shiga tsakani, hannuwanta duk fulawa.

"Matsa, Burul."

"Ba inda zan je."

"Kan wannan ballagazar? Za ta ɓata mini jini!"

Burul ta goge hannu a jikin rigarta, ta yi ajiyar zuciya. "Ranar da na je tasha, ina buɗe kwandon nan kwikwiyonka ya yi tsalle ya shige cikin motoci, har yau ban sake ganinsa ba. Kai kuma kana asibiti, kana ta aiko a tambaye ni ko ya iso. Sai na ga wasu 'yan kwikwiyo a bayan rumfar mai gashin nama, na zaɓi baƙin da ke cikinsu. Ajiye bindigar nan, tsoho. Ba miji take nema ba, ɗanta take zuwa dubawa."