Mikiya Mai Fiffike Ɗaya

A gaban kejin ƙarshe mutumin ya ja ya tsaya. Wata takwas ke nan da injin yankan katako ya raba shi da hannunsa na dama, kuma sai yau 'yarsa ta samu ta lallaɓo shi daga ɗaki, ta hawo da shi gidan jinyar namun daji da ke kan tsaunin Colorado.

Mikiya ce a ciki, fiffikenta ɗaya.

"Da sun bar ta ta mutu, ai da ta huta," in ji shi.

"Haba Baba," 'yar ta ce a hankali.

Tsohuwar da ke ciyar da tsuntsayen ta juyo. "Ka ga waɗancan masu shawagi a kan kwari? Marayu aka kawo su, ko gashi babu. Ita ta rene su, baki da baki. Sha ɗaya ta yaye."

Ya daɗe yana kallon sama, sannan ya gyara murya.

"Kuna ɗaukar mai hannu ɗaya aiki?"

Ta miƙa masa bokitin kifi. "Wannan bokitin dai mariƙi ɗaya gare shi."