Rawanin Karen Mai Lambu

Da rani ne, tumatir ya fara nuna a fadama. Akwai wani mai lambu da ke da kare, shi ke tsare masa amfani daga birai da awakin mutane. Mutumin nan yana da wata ɗabi'a da ke ba maƙwabta dariya. In ya gama ban ruwa da hantsi, sai ya sauko da wani gwangwani da ya rataye a reshen mangwaro, ya ciro ƙyalle mai tsafta, ya kira karen. Ya naɗe masa baki a hankali, ya ƙulla a bayan kunnuwa, ya kama ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya yana dannawa, ya kwantar da shi a kan buhu. Sannan ya kwance, ya jefa masa ƙanzo, ya je ya wanke hannu. Kare kuwa lafiyarsa lau. Maƙwabcinsa mai albasa yakan leƙo ta shinge ya ce, "Malam, yau ma naɗi ake yi? Wace sarauta aka ba shi, Sarkin Birai?" Shi dai murmushi ne nasa.

Ran nan karen ya bi wani biri, ya tsallake tsohon langa-langa, bakin ƙarfen ya tsaga masa ƙafar gaba. Jini ya ɓalle. Mai albasa ne ya fara isa, ya miƙa hannu zai taimaka, karen ya zaburo masa da haƙora waje, don dabbar da ciwo ya gigita ba ta san masoyi ba. Mai lambu ya iso da gwangwaninsa, ya durƙusa, ya nuna ƙyallen nan. Karen ya ɗora haɓarsa a tafin ubangidansa kamar yadda ya saba. Mai lambu ya ɗaure bakin, ya ninka tsumma mai tsafta ya danne wurin da ƙarfi. Da jini ya jiƙa shi, bai ɗaga don ya duba ba, ya ƙara wani a kai, ya naɗe. Ya kwantar da karen a kan buhu, shi da mai albasa suka kama, kowa da gefensa, suka kai shi bakin hanya. Mai lambu bai tsaya tambayar inda likitan dabbobi yake ba, ya riga ya taɓa zuwa ya ga ƙofar tun ba ya da bukata. Da suka isa, aka ɗinke ƙafar.

Kafin a gama tsinkar tumatir karen ya koma bakin shinge, yana ɗan ɗingishi, birai na kallonsa daga nesa. Wata safiya mai lambu ya hango maƙwabcinsa tsugune gaban nasa kwikwiyon, ya yago gefen tsohon zani, yana ta fama da ƙulli. Da suka haɗa ido, mai albasa ya sosa ƙeya ya ce, "To, Malam, zo ka nuna mini naɗin nan. Ashe ba a fafe gora ranar tafiya."