Sunan Ɗan Fari

Tun da aka fara sa wa matasa ɗan ƙarfen nan mai kamar tsabar dawa a kunne, yaro ba ya jin muryar kowa sai wanda ya kira sunansa. Da farko abin ya burge ni, har na nemi a sa mini, aka ce na tsufa.

Ɗana Haladu kuwa bai taɓa furta sunan ɗansa Nafi'u ba, kunyar ɗan fari. Ga yaron ya fara shan maganin tari a bayan tasha.

Da hantsi Haladu ya same ni a zaure. "Baba, je ka yi wa jikanka faɗa."

Na ce, "Faɗan kaka ai wasa ne. Kira shi da kanka."

Da yaron ya fito, Haladu ya buɗe baki da ƙyar: "Nafi'u."

Ko waiwaye yaron bai yi ba.

Ƙanwarsa ta ce, "Abba, ai ya canja suna tun makon jiya. Sunan da abokansa suka sa masa kaɗai ke shiga kunnensa."

Haladu ya dube ni. Ni ma ban san sunan ba.