Furosesar da aka haifa a mako na hamsin da takwas

Sabitu, tunda ka ce gobe wani zai zo ku yi musaya da abin da ke cikin akwatin marigayi yayanka, ja kujera in ba ka misali kafin ka buɗe masa. Ni a aji shida na tsaya, amma shekara ashirin da biyu ina share ɗakin da akwatin nan yake, kuma mai shara ma da kunnenta.

An yi wani mai gyaran kwamfuta da Allah ya ɗora wa son tara tsofaffin ƙwaƙwalen kwamfuta, waɗanda masu sana'ar ke kira furosesa. Ɗan abu ne bai kai tafin hannu ba, bayansa tangaran, cikinsa ƙafafu masu ruwan zinariya a jere kamar haƙoran mataji. 'Yan gwangwan kan farfasa su don zinariyar, shi kuwa sai ya riga su, ya wanke, ya jera a kan auduga kamar ƙwai. Akwai wata iri guda da ya yi shekara goma yana nema bai samu ba. Rannan da hantsi sai ga baƙo da ita, naɗe cikin hankici, baƙa wuluk, rubutunta fari tas kamar jiya aka yi shi. Baƙon ya ce shi ba sayarwa ya zo ba, musaya yake so: a ba shi guda uku mafi kyau a akwatin, har da wadda mai gyaran ya ciro daga kwamfutar da ya koyi aiki a kanta. Wannan kuwa in ta tafi, babu inda zai sake samun irinta. Amma ido ya riga ya rufe. Ya ware ukun a gefe, ya ce wa baƙo ya sha ruwa, ya shiga cikin gida da sauri ya nuna wa matarsa, baki har kunne.

Matar tana tankaɗe, ta goge hannu ta karɓa. Ba ta san aikin abin ba, amma mijin ya taɓa gaya mata cewa kowace tana ɗauke da ranar haihuwarta: lamba huɗu a ƙasan suna, biyun farko shekara, biyun ƙarshe makon da aka ƙera ta. Ta karanta a hankali, tara, uku, biyar, takwas. Sai ta tambaye shi shekara mako nawa ce. Ya ce hamsin da biyu, har yana yi mata dariyar tambayar. Ta ce, "To Malam, wannan a mako na hamsin da takwas aka haife ta. Wace shekara ce mai wutsiya haka?" Dariya ta tsaya. Ya karkata abin ga hasken rana, ya ga fuskar ta yi santsin da tangaran mai shekara talatin ba ya yi. Ya ari kwalbar ruwan goge jan farcenta, ya ɗiga a auduga, ya shafa sau biyu. Auduga ta yi baƙi. Ashe fenti ne. A ƙarƙashinsa ga ƙarzar samfefa, ga ragowar lambar asali da mai ƙarzar ya gaji bai gama cinyewa ba. Gama-gari ce, irin wadda yake da bakwai a akwati. Da ya fito da audugar a hannu, baƙon ya rantse shi ma cutarsa aka yi, ya ce bari ya duba babur ɗinsa a waje. Har yau yana dubawa. Mai gyaran ya mayar da ukunsa kan audugarsu, jabun kuma ya ɗaura mata jan zare ya sa ta a sahun gaba, duk wanda ya zo kallo da ita ake fara masa.

In ka ɗaga murfin akwatin za ka ga jan zare a sahun gaba. Kwalbar kuma tana kan tagar ɗakina, ban taɓa ta ba tun rasuwarsa. Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya in na daɗe wajen girki sai ya ce ko sai mako na hamsin da takwas za a ci. Ka ɗauki kwalbar gobe. Kada ƙyallin rubutu ya ɗauke maka ido: ka ƙirga mako, ka karkata ta ga rana, ka shafa auduga, kuma ukun nan kada su bar hannunka sai auduga ta fito fara. Mai jabu yana iya fenti, yana iya rantsuwa, amma dole ya manta da wani abu, domin ramin ƙarya ƙurarre ne.